Daga Agbara Zuwa Ƙofar Ƙaura: Me Ya Hana Kamfanonin Waje Zama a Katsina?

Ɗan yayata ya karanci aikin lantarki a nan Katsina. Bayan bautar ƙasa ya shekara biyu yana zagaye gari da takardunsa a leda, har wani abokin karatunsa ya kira shi Agbara a jihar Ogun, inda yanzu yake kula da injina a wata masana'anta ta 'yan ƙasar waje. Sau ɗaya yake zuwa gida a shekara, da Babbar Sallah. Bana da ya zo, mahaifiyarsa ta aike shi shagon bakin layi a Ƙofar Ƙaura ya sayo kayan shayi da na miya. Ya dawo ya same ni a zaure, ya zube kayan a kan tabarma ya ce, "Kawu, juya bayan kowane ɗaya ka duba inda aka yi shi." Na juya. Madara, Legas. Garin haɗa shayi, Ogun. Dunƙulen miya, Ogun. Sabulu, Legas. Ya ce masu waɗannan kamfanoni duk suna Turai ko Asiya, kuma a duk faɗin ƙasar nan sun tattaru ne a wata 'yar kusurwa da mutum zai iya ratsa ta da mota a wuni guda. Yaya tana jin mu daga tsakar gida. Ta ɗaga murya ta ce ita ba ruwanta da inda ake yin madara, a kawo aikin kusa dai ɗanta ya riƙa kwana a gida.

Maganar Yaya ce ta sa na zauna rubuta wannan. A majalisarmu ta bayan Isha'i an daɗe da yanke hukunci a kan batun: ba a son Arewa, Turawa da 'yan Kudu sun haɗa baki, shi ya sa kowane kamfani ke tsayawa a Legas. Na san inda wannan magana take fitowa, domin wanda ya raka ɗansa tasha yana kallon motar Legas na tashi da shi ba ya rasa ɗaci a zuciya. Amma ban yarda da ita ba, kuma ina ganin riƙe ta yana cutar da mu, don tana hana mu duba abubuwan da ke hannunmu.

Bari mu fara da inda suke. Nestlé na ƙasar Suwizalan yana da masana'antu a Agbara da Shagamu. Unilever yana Oregun cikin Ikeja, yana kuma Agbara. Cadbury yana Ikeja, haka masu madarar Peak, waɗanda uwar kamfaninsu ke Holan. PZ yana Ikorodu. Taliyar Indomie a Ota aka fara yin ta. Sinawa sun shiga yankin ciniki na Lekki tare da gwamnatin Legas, suna da wani kuma a Igbesa ta jihar Ogun. Kamfanonin mai irin su Shell da Chevron da ExxonMobil da TotalEnergies sun kafa ayyukansu a Neja Delta, wajajen Fatakwal da Warri da Eket da Bonny, bayan da aka samu mai a Oloibiri a 1956. Abuja ta samu ofisoshi da kamfanonin gine-gine saboda can ake raba kwangila. Abin da ya rage wa Arewa, mafi yawansa yana Kano da Kaduna. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2023 sun nuna kuɗin waje da suka shigo Najeriya sun kai kimanin dala biliyan 3.9, Legas ta ɗauki wajen biliyan 2.5, Abuja fiye da biliyan ɗaya, jihohi fiye da rabi kuwa ko sisi ba a rubuta musu ba. Gaskiya ne ana rubuta kuɗin ne a inda hedikwatar kamfani da bankinsa suke, don haka lissafin ya ɗan ƙara wa Legas girma. Amma ko an rage wannan, hoton bai canja ba.

Dalili na farko teku ne. Yawancin waɗannan masana'antu da kayan waje suke aiki: alkama, garin madara, sinadarai, robar da ake narkawa, injina da kayan gyaransu. Duk ta jirgin ruwa suke zuwa, su sauka a Apapa ko Tin Can, ko sabuwar tashar Lekki da aka buɗe a Janairun 2023. Daga tashar zuwa Agbara ko Ota tafiyar 'yan kilomitoci ce. Daga tashar zuwa Katsina kuwa fiye da kilomita dubu ne. Tirela za ta yi kwanaki a hanya, ta sha man dizal, ta ci taya, ta tsaya a shingaye ba adadi, a kowane shinge direba ya miƙa na goro. Mai kamfanin da ya kafa inji a nan zai biya dakon kawo ɗanyen kaya, sannan ya sake biyan dakon mayar da wani kaso na abin da ya sarrafa Kudu, inda masu sayen da aljihunsu ya fi nauyi suke. Da ya zauna da alƙalami sai ya ga ya fi masa sauƙi ya sarrafa a bakin teku, ya loda kayan da aka gama a tirela zuwa kasuwar Singa a Kano, 'yan kasuwarmu su je su saro da kuɗin motarsu. Mu ne muke biyan dakon, a cikin farashin kowane gwangwani.

Ba sai mun je nesa neman misali ba, yana nan cikin garinmu. Kamfanin mulmula ƙarafa na Katsina an buɗe shi a 1982, zamanin Shagari, kamfanin Kobe Steel na Japan ne ya gina shi, da ƙarfin fitar da fiye da tan dubu 200 na rodi da waya a shekara. An gina shi tare da takwarorinsa na Jos da Oshogbo da niyyar a raba arziki ga sassan ƙasa, niyya mai kyau. Amma ɗanyen ƙarfen da zai mulmula daga kamfanin narka ƙarfe na Aladja yake zuwa, kusa da Warri, kuma babu layin dogo tsakanin can da nan. A bayan mota ake jawo ƙarfe mai nauyi tun daga bakin teku har kusa da iyakar Nijar. Da Aladja ta fara tangal-tangal, namu ya bi ta. A 2006 aka sayar da shi ga 'yan kasuwa. Duk wanda ya girma a garin nan a shekarun 1980 ya san darajar ma'aikacin wannan kamfani a lokacin, ya san rukunin gidajensu, ya san yadda ake alfahari da aurar masa da 'ya. Gwamnati ta iya ɗauko masana'anta ta dasa a inda take so, amma ba ta iya rage nisan da ke tsakanin Warri da Katsina ba, kuma ba ta shimfiɗa dogon da zai sauƙaƙa nisan ba.

Sai wuta. Ɗan yayata ya ce masana'antarsu ba ta jiran wutar gwamnati, da iskar gas suke kunna nasu injinan wutar, kuma gas ɗin ta bututu yake shigowa har cikin harabarsu. Babban bututun da ya taso daga Escravos zuwa Legas yana aiki tun 1989, rassansa sun ratsa Ikeja da Ota da Agbara. A nan kuwa mai injin niƙa ko mai ƙanƙara da dizal yake kwana yake tashi. A Oktoban 2024 da layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, mun yi fiye da mako guda cikin duhu, daga Kano har Katsina har Daura. Mai masana'antar da ke biyan ma'aikata ɗari biyar ba zai iya rufe ƙofa mako guda yana jiran a gyara turke a daji ba. Bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, an ƙaddamar da aikinsa a 2020, kuma ko a kan takarda a Kano ya tsaya.

Akwai wani dalili da ba a cika faɗa ba, alhali kowane ɗan kasuwa a garin nan ya san shi. Shiga babbar kasuwa ka duba: masu atamfa layinsu ɗaya, 'yan goro wuri ɗaya, masu kayan babur a jere. Babu wanda ya tilasta musu. Mai atamfa ya san in ya ware kansa ya koma bayan gari don gudun kishiya, mai saye ba zai bi shi ba, dillali ba zai bi shi ba, in yadi ya ƙare masa babu maƙwabcin da zai ara masa. Haka kamfanoni suke. Na tambayi yaron me zai faru in injinsu ya tsaya. Ya ce, "Kawu, kafin la'asar an kawo abin da ya lalace daga Ikeja, wanda zai ɗaura shi ma yana nan kusa. Mai yi mana kwali yana bayan katangarmu, mai buga takardar jikin kaya yana layi na gaba." Hedikwatar manyan bankuna tana Legas, lauyoyin da suka san dokar kamfanoni suna can, masu inshora, masu fito da kaya daga hannun kwastan, filin jirgin da zai kai manaja gida a dare ɗaya, makarantar da zai sa 'ya'yansa. Hatta wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a gaɓar Legas suke fitowa. Kamfani na goma yana zuwa ne saboda tara sun riga shi, na ɗari kuma ba ya ma tambaya. Jihar Ogun da ake ta yabo ba wani sihiri ta yi ba. Legas ce ta cika ta batse, fili ya yi tsada, sai masana'antu suka tsallaka iyaka zuwa inda ƙasa ke da araha amma tashar ruwa da gas ba su yi nisa ba.

Abin da ya faru a ƙarshen 2019 ya isa a yi tunani a kai. Kamfanin Sin mai gina layukan dogo, CCECC, ya ɗauki nauyin ayyuka biyu a lokaci kusan ɗaya. A Nuwamba aka aza harsashin masana'antar haɗa taragun jirgin ƙasa a Kajola ta jihar Ogun. A Disamba aka aza harsashin Jami'ar Sufuri a Daura, kyauta daga kamfanin. Ina murna da jami'ar, 'ya'yanmu ne za su yi karatu a ciki. Amma a lura da yadda aka yi rabon: kyauta ta zo garin shugaban ƙasa, masana'antar da kamfanin ke son ta yi aiki ta tafi kan layin dogon Legas zuwa Ibadan. Yaran da za su gama karatu a Daura, akwai yiwuwar da yawansu su bi sawun ɗan yayata.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, mu ma mun taɓa zama inda baƙi ke taruwa. A ƙarni na 17 da na 18 Katsina na cikin manyan zangunan fataucin Sahara. Hamada ce tekunmu a lokacin, raƙuma ne jiragen. Fatake daga Gadamus da Agadas, da Wangarawa daga yamma, sun zauna a birnin nan, sun yi unguwanni, sun yi aure, malamai sun biyo su. Ba don sun fi son Katsinawa a kan sauran mutane suka zo ba. Hanya ce ta biyo ta nan, akwai kasuwa, akwai masauki, akwai sarkin da ke tsare musu dukiya. Bayan jihadi, da tsofaffin sarakunan Katsina suka koma Maraɗi aka shiga shekaru na hare-hare tsakanin ɓangarorin biyu, fatake suka naɗe tabarmarsu suka koma Kano. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya shigo birnin a 1851, ya tarar da ganuwa mai faɗin gaske amma mafi yawan cikinta babu mutane. Sai kuma Turawa suka juya akalar ciniki daga hamada zuwa teku. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turai irin su John Holt da GBO da CFAO, daga baya UAC, suka kafa kantuna a bakin dogo, Kwarori suka biyo baya, dalar gyaɗa ta tashi. Birnin Katsina da Daura dogo bai taɓa zuwa musu ba. Gyaɗarmu a kan jakuna da raƙuma, daga baya a motoci, take tafiya Kano.

Amma a dubi Funtuwa. A ƙarshen shekarun 1920 reshen dogo daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda ya ratsa ta, ga kuma ƙasar auduga a kewaye. Nan da nan kamfanin auduga na Ingila, BCGA, ya kafa injin gurza, har yau akwai unguwar da ake kira da sunansa. Malumfashi ma ta samu nata. A Kaduna, Sardauna ya jawo Turawan Ingila aka buɗe masaƙar farko a 1957, 'yan Hong Kong suka kafa masaƙar UNTL a 1964, Japanawa suka shiga Arewa Textiles, Peugeot na Faransa ya fara haɗa motoci a 1975. Masaƙar Funtuwa da aka kafa a ƙarshen shekarun 1970 ita ma da hannun waɗancan 'yan Hong Kong ɗin. Siminti ya kai Turawa Ashaka a jihar Gombe saboda dutsen da ake yin sa da shi yana can, kuma ba ya ɗaukuwa zuwa Legas. A kusa da mu, Sinawa sun gina matatar mai a Damagaram a 2011, cikin rairayi, don man da ake haƙowa a Agadem ta Nijar. A 2017 Olam ya buɗe katafaren wurin yin abincin kaji da ƙyanƙyasa a Kaduna saboda masara da waken soya, a 2023 kuma Arla na Denmak ya buɗe gonar shanun madara a Damau ta jihar Kaduna. Su ma masu Indomie sun kafa masana'anta a Kaduna da suka ga yawan masu cin ta a Arewa ya kai a daina jigilarta daga Ota. Duk waɗannan a ƙasar Hausa da maƙwabtanta suke, cikin Musulmi, cikin zafin rana. Wanda ya tsani Arewa ba zai zuba miliyoyin daloli a Damau ba.

Kuma da a ce son rai na masu mulki ne ke kafa masana'anta, da yanzu hayaƙi ya rufe Katsina. Jihar nan ta ba Najeriya shugabanni biyu a wannan jamhuriya, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa daga 2007 zuwa 2010 da marigayi Muhammadu Buhari daga 2015 zuwa 2023. Mun samu makarantu da asibitoci da barikoki da hanyoyi, abubuwan da gwamnati ke iya cewa a yi, a yi. A 2018 har an sa hannu da Nijar kan gina matatar mai a wajen Mashi da kuɗin 'yan kasuwa. Shekaru sun wuce ba mu ga matatar ba.

Batun tsaro ba na son in daɗe a kansa, domin kowa a jihar nan yana da wanda ya rasa. Amma dole a faɗa. Injinan wuta masu aiki da iska guda 37 da ke Lambar Rimi, kamfanin Faransa ne aka ba aikinsu. A Disamban 2012 'yan bindiga suka afka gidan injiniyan kamfanin a Rimi, suka kashe mutum biyu, suka tafi da shi, sai bayan wata goma sha ɗaya ya kuɓuta. Aikin megawat 10 ya shafe shekaru yana jan ƙafa. Sannan aka zo ga sace ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 a Disamban 2020, aka zo ga rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 a 2021. Duk wani kamfani na waje, kafin ya turo ma'aikaci, sai ya karanta abin da ofishin jakadancin ƙasarsa ya rubuta game da wurin, sai ya tambayi mai inshora nawa zai caje shi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Abin takaicin shi ne, yankin da ya fi fama da 'yan bindiga, Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, shi ne kuma rumbun jihar, inda audugar da masarar da za su iya jawo masana'anta suke.

To, ba na cewa komai ƙaddarar ƙasa ce, ba laifin kowa. Teku Allah ne ya ajiye shi a can, amma bututun gas da layin dogo da manyan layukan wuta mutane ne suka zauna suka zana inda za su bi. An bar dogon Legas zuwa Kano ya mutu, har ya zama kwantena ba ta da hanya sai bayan tirela. An bar atamfar fasa-ƙwauri ta kashe masaƙun Kaduna, kuma mu faɗi gaskiya, kaso mai yawa na wannan atamfa ta kan iyakokinmu ta shigo, da hannun 'yan uwanmu. Sannan ga harajin kayayyaki. Kamfanin waya yana da turaku a kowane ƙauye daga Jibiya zuwa Ɓaure, muna sayen kati dare da rana, amma a tsohon tsarin rabo ana lissafa harajin a inda hedikwatarsa take. Wannan na cikin abin da ya tayar da ƙura a 2024 lokacin muhawarar gyaran dokokin haraji. Waɗannan ƙorafe-ƙorafe ne na gaskiya, kuma a kansu ya kamata wakilanmu su riƙa ɗaga murya a Abuja.

Iyaka kuwa ita ce babban abin da muke da shi, don Maraɗi ba ta kai kilomita ɗari daga nan ba, Damagaram tana bayan Daura, kuma jama'ar can yarenmu ɗaya, cimarmu ɗaya. Kamfanin da zai kafa a Katsina ba mu kaɗai zai sayar wa ba. Amma an rufe iyakar a Agustan 2019, ta Jibiya sai a Afrilun 2022 aka buɗe ta, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. Sau biyu cikin shekara biyar. Wanda ya je Magama ko Kwangwalam a waɗancan watanni ya ga motoci a jere suna tsatsa, ya ga 'yan dako zaune ba aikin yi. Ɗan kasuwar da ke lissafin shekara ashirin kafin ya mayar da jarinsa ya ga wannan shi ma.

Ina kuma so mu rage ɗaukar kamfanin waje kamar wani mai ceto. Kamfanin Procter & Gamble na Amurka ya buɗe masana'anta ta kusan dala miliyan 300 a Agbara a 2017, bai daɗe ba ya rufe ta, a ƙarshen 2023 ya sanar da daina sarrafa kaya a Najeriya gaba ɗaya. GSK mai magunguna ya tafi a wannan shekarar. Shagon Shoprite na Kano ya rufe a farkon 2024. Mutanen Ogoni da suka zauna da kamfanonin mai shekara da shekaru, a tambaye su halin da ruwansu da gonakinsu suke ciki. Baƙo yana zuwa don riba, yana tafiya in ta ƙare, kuma wannan ba abin zargi ba ne, haka fataken Gadamus suka yi mana. Abin da ke amfanar gari shi ne abin da ya rage bayan tafiyarsa: ma'aikatan da suka ƙware, ƙananan kamfanonin gida da suka koyi yi masa aiki, hanya da wutar da aka jawo dominsa.

Shi ya sa raina ke ɓaci duk lokacin da na ga an kwashi tawaga zuwa ƙasashen waje neman masu zuba jari, a dawo da hotunan sa hannu a kan takardar fahimtar juna. An yi tarukan tattalin arziki a garin nan, an yanka filaye a bakin hanyar Kano da ta Jibiya, an kafa alluna. Ba za mu zama Legas ba, kuma mai yin madara da garin da ya sauka a Apapa ba zai taɓa zuwa nan ba, ko an yafe masa haraji na shekara goma. Wanda zai iya zuwa shi ne wanda ɗanyen kayansa ke nan, mai nauyi ko mai saurin lalacewa, wanda ya fi araha a sarrafa shi a inda aka noma shi. Riɗinmu da zoɓorodonmu suna tafiya Dawanau a buhu, daga can Legas, riɗi ya wuce Japan da Turkiyya da Sin, zoɓorodo ya wuce Meziko. Fatun awakinmu suna tafiya majemun Challawa da Sharaɗa, su ƙare a matsayin takalma a Italiya da Sifen. Shanun da ke cika kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi da ta Charanci a tsaye ake loda su zuwa Kudu, su rame a hanya, wasu su mutu. Tumatirin Ɗanja yana ruɓewa a kwando. Madatsar Zoɓe tana riƙe da ruwa tun 1983, har yau ba a noma rabin abin da za ta iya shayarwa ba. A nan ne muke da abin cewa, kuma kusan duk matakin farko na waɗannan ayyuka, tankaɗe riɗi, matse mai, gurzar auduga, yanka da sanyaya nama, attajiranmu na gida za su iya shi. Da yawansu sun fi son gina gidan mai da rukunin shaguna, don nan kuɗi ke saurin dawowa, kuma ban ga laifinsu ba matuƙar wuta da tsaro suna yadda suke. Amma baƙo ba ya fara shiga inda ɗan gari ya ƙi sa kuɗinsa. Masana'antun Bompai da Sharaɗa sun tashi ne a garin da Alhassan Ɗantata da irinsa suka riga suka kafa harkar.

Kano ɗin ma ya kamata mu daina kallonta a matsayin kishiya. Tsakaninmu kilomita 170 ne ko kusa da haka. In gas ya isa Kano masana'antu suka farfaɗo, mu ne za mu iya zama mata abin da Ogun ta zama wa Legas, musamman garuruwan da ke kan hanya. Abin da ya kamata gwamnonin Katsina da Kano da Jigawa su haɗa kai a kansa ke nan: a jawo reshen bututun zuwa nan, a ƙarfafa layin wutar da ke zuwa mana daga Kano, a rage shingayen hanya, a kuma samu alƙawari daga Abuja cewa rigimar siyasa ba za ta sake rufe Jibiya ba. In za a ba kamfani fili, a biya manomi diyyar da za ta ishe shi ya sayi wata gona, a ba kamfanin takardar mallaka cikin makonni, kada gwamna na gaba ya zo ya soke.

Tashar tsandauri ta Funtuwa da aka buɗe a 2024 za ta yi amfani ne ranar da jirgin ƙasa ya fara kawo mata kwantena a kai a kai daga Legas. Shi kuma dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil na Fotugal, zai bi ta Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya. Shi ne karo na farko da dogo zai shigo Katsina da Daura, fiye da shekara ɗari bayan ya isa Kano. A majalisa hirar da ake yi a kansa ita ce yadda za a riƙa zuwa Kano cikin sanyi ba tare da tsoron hanya ba. Ni abin da nake so in ji shugabanninmu suna tambaya shi ne inda za a yi tashar kaya, da filin da aka ware wa sito da masana'antu a gefenta, da kuma ranar da za a haɗa shi da dogon Kaduna har zuwa teku, don in bai haɗu da teku ba rabin amfaninsa ya tafi.

Kwana uku bayan Sallah na raka yaron tasha da asuba. Yaya ta cika masa jaka da kuka da daddawa da yaji da kilishi. Muna jiran mota ta cika na tambaye shi ko zai dawo in aka samu irin aikinsa a nan. Ya ce ko da rabin albashinsa ne zai dawo, don abin da haya da mota ke ci a can ya kusa rabin. Da ya zauna a kujerarsa ya leƙo ta taga ya ce, "Kawu, ka riƙa duba wajen aikin dogon nan. In ka ga sun fara gina wurin loda kwantena, ka kira ni."